Golan Masu Haƙar Rijiya

Mijina ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a tashar jirgin ƙasa, shi ne mai rubuta lokacin isowa da na tashi a kan babban allo. Jirgin bai taɓa zuwa a lokacin da ya rubuta ba, amma hakan bai sa ya fasa rubutawa ko sau ɗaya ba. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Agogo, sunan ya biyo shi har gida, 'ya'yanmu ma idan ba ya kusa haka suke kiransa. Da ya yi ritaya ya rasa allon da zai yi wa rubutu, sai ya dawo kanmu. Akwai takarda a jikin firij mai nuna ranar da gas zai ƙare, akwai wata a bayan ƙofar banɗaki da ba zan faɗi abin da ke cikinta ba.

Ana nan sai aka yi wa babban ɗanmu canjin wurin aiki zuwa wani gari can ƙetaren hamada, tafiyar awa goma sha ɗaya a mota. Ya ce mu zo mu ga inda suka koma, mu hau jirgin sama. Agogo ya ce ina, motarsa lafiyarta ƙalau. Ni dai na san dalili, abin yi ne ya samu.

Sati uku ya kwashe yana shiri. Ya kai mota gareji sau biyu, ya sayo taswira, ya shimfiɗa ta a teburin falo da rula da fensir, muka koma cin abinci a tabarma. Daga ƙarshe ya bugo jadawali a shagon kwamfuta, kwafi uku: ɗaya a aljihunsa, ɗaya a jakata, ɗaya ya manna da salatif kusa da sitiyari. Tashi, ƙarfe shida daidai. Shan mai na farko, takwas da minti arba'in. Kewayawa, minti bakwai. Guzuri, burodi biyu, shayi a fulas, dafaffen ƙwai takwas, kowa huɗu.

Na ce, "Malam, idan minti bakwai bai ishe ni ba fa?"

Ya ce, "Na auna. Ba kya wuce biyar. Biyun ihsani ne."

Ranar tafiya, shida saura minti goma, muna ɗaure kaya sai ga Yaya a ƙofar gida da jaka a ka. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta saba'in, tana sayar da zannuwa a kasuwa. Ita ta goye shi, kuma duk duniya ita kaɗai yake shakka.

Ta ce, "Auta, buɗe min but."

"Yaya, ina za ki?"

"Inda za ku. Na tashi yau na ji ina son ganin ɗana."

"Ai ba kya cikin lissafi. Ƙwai takwas ne."

"Sai ka ci biyu, ni da amaryarmu mu ci uku-uku."

Shekarata talatin da huɗu a gidan nan, har yau amaryarmu take ce min. Muka tashi shida da minti goma sha ɗaya. Ya ciro biro ya rubuta hakan a gefen takarda.

Wajen ƙarfe goma gidaje suka ƙare, bishiyoyi suka riƙa gajarta har suka zama ƙayoyi, daga nan sai yashi. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Kwalta ta miƙe ɗoɗar kamar an ja zare, hagu da dama tuddan rairayi, wani ja wani fari, iska ta yi musu zane kamar kitso. Can nesa na hango ayarin raƙuma sun jeru a kan wani tudu.

"Malam, ɗan tsaya in ɗauki hoto."

"Akwai tsayawa sha biyu da kwata."

"Raƙuman za su jira mu har sha biyu da kwata?"

"Za a samu wasu."

Ba a samu wasu ba. Sha biyu da kwata muka tsaya a bayan wani gidan mai, kusa da tarin tsofaffin tayoyi, nan ne jadawali ya ce a huta. Muka ci ƙwai muna kallon tayoyi. Yaya ta nemi gishiri, ya ce gishiri yana cikin jaka ta uku, kuma ba a buɗe jaka ta uku sai an isa.

Da muka koma hanya, zafi da haushi suka haɗu suka hau min kai. Na ce, "Don Allah Malam, in tambaye ka. Tunda aka haife ka, ka taɓa yin wani abu da ba ka rubuta shi tun jiya ba?"

Yaya ta amsa daga baya, bakinta cike da burodi. "Haihuwar ma ranar da likita ya rubuta ya zo. Innarmu tana cewa har sallama ya yi."

Muka yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Na ga kunnensa ya motsa, abin da yake yi ke nan idan magana ta shige shi. Muka yi tafiyar kusan awa biyu a haka, har na fara jin ban kyauta ba.

Wajen uku da rabi muka wuce wata mararraba, inda wata hanyar ƙasa ta ɓalle ta yi dama. A bakinta wani mutum ne tsaye, gajere mai tumbi, ya rungume wani abu a leda kamar jariri, yana ɗaga mana hannu. Muka wuce shi. Ɗaukar fasinja ba ya cikin takarda, ban ma buɗe baki ba.

Sai na ji birki. Agogo ya tsaya, ya dubi agogonsa, ya dubi madubi, ya sa ribas.

Yaya ta ce, "Auta, lafiya? Taya ce?"

"Ba taya ba ce."

Mutumin ya rugo yana haki. Ya ce shi kuku ne a sansanin masu haƙar rijiyar burtsatse, kilomita goma sha huɗu daga nan. An aike shi gari sayayya, babbar motar da ta ɗauko shi ta sauke shi a nan, kuma wanda zai zo tarbarsa bai zo ba. Awa biyu ke nan yana gasuwa.

Agogo ya motsa leɓe yana lissafi. "Sha huɗu zuwa, sha huɗu dawowa. Minti arba'in. Zan cire daga hutun yamma. Shigo."

Kuku ya shiga kusa da Yaya. Ba mu yi nisa ba ta gama sanin garinsu, da yawan 'ya'yansa, da dalilin da ya sa matarsa ta fi shi tsawo. Sannan ta ce, "Me ke cikin ledar nan da kake riƙe da shi kamar ƙwai?"

Ya buɗe. Ƙwallo ce sabuwa fil, fara da baƙi, tana ƙamshin shago. Ya ce duk ƙarshen wata suna buga wasa da masu gyaran hanya, waɗanda sansaninsu ke gaba kaɗan. Tsohuwar ƙwallon katafila ta taka ta. Yau ƙarfe huɗu da rabi ne wasan, idan bai kai wannan ba, gara ya nemi wani aikin.

Na lura Agogo yana ta satar kallon ƙwallon ta madubi, har ya kusa afka wa wani rami.

Sansanin kwantenoni ne guda shida an jera su kamar akwatunan ashana, ga tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa, ga janareta yana ta gurnani, ga injin haƙa ya miƙe sama. A gefe an share fili, an kafa duro biyu-biyu, an gitta bututun ƙarfe a kansu, ragar ke nan. Maza kusan talatin suna zaune a inuwar tanki, duk manya ne, wasu da furfura. Da suka ga ƙwallo suka taso kamar an ce ga albashi.

Shugaban masu haƙa ya zo ya gaishe mu, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Dogo ne, mai sanyin magana. Ya yi godiya, amma fuskarsa ba walwala. Kuku ya tambaye shi, ya nuna wani mutum da ke zaune da hannu a naɗe. Golansu ne, da safe ya maƙe yatsunsa da guduma. An bi kowa, babu mai son tsayawa a raga, domin masu gyaran hanya suna da direban katafila, wanda idan ya buga ƙwallo har duro ke faɗuwa.

Agogo ya riga ya buɗe ƙofar mota. "To, Allah ya ba da sa'a. Mu za mu kama hanya."

Yaya ta ajiye kofi ta ce wa shugaban, "Ɗana, gola kuke nema? Ga shi nan kun samu. Wannan da kake gani, Kyanwa ake ce masa a makaranta. Shekara uku ba a ci garinmu a gida ba."

Na fashe da dariya, na ɗauka tsokanarta ce ta kullum. Sai na ga ita ba ta dariya, shi kuma ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon ƙasa.

"Malam, da gaske ne?"

"Tsohon zance ne."

"Shekara talatin da huɗu, ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ba ki tambaya ba."

Shugaban ya ce, "Baba, ko rabin lokaci ne ka taimaka mana. Tsayuwa kawai za ka yi."

Agogo ya dubi takardar da ke manne kusa da sitiyari, ya dubi agogo, ya dubi fili. Wani ya buga ƙwallon ta gangaro ta tsaya daidai ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya matsa ta da manyan yatsu biyu, ya ce, "Iskar ta yi yawa. A rage kaɗan." Sai ya kwance agogon hannunsa ya miƙo min. Tunda na aure shi, wanka ne kawai ke raba shi da agogon nan.

Aka nemo masa safar hannu ta mai walda, mai kauri kamar fatar raƙumi. Ya tuɓe riga ya rage singileti, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, ya ɗaure tabaransa ta ƙeya da igiyar buhu. Takalmi kuwa na kuku ya ara, ya fi ƙafarsa, aka cusa takarda a gaba. Da ya taka zuwa raga, ƙafafun nan sirara kamar na zalɓe, masu gyaran hanya suka fara tafi suna cewa a kawo wa Baba kujera.

Ni da Yaya aka kifa mana bokitai a inuwa. Ma'ajin sansanin ne alƙalin wasa, ba shi da usur, sai murfin tukunya da cokali.

Ba a yi minti uku ba aka zura masa ta farko. Ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa yana tsaka da jera 'yan bayansa, yana nuna wa kowa inda zai tsaya kamar taragon jirgi. Ta biyu ta wuce ta saman kansa, ya ɗaga hannu bayan ta riga ta isa wajen janareta.

Yaya ta ce, "Kyanwar ta tsufa. Da can da tuni ya cafke."

Ta uku ɗan wasansa ne ya ci shi da kansa. Agogo ya kira shi gefe ya yi masa bayani a natse, har da zane a ƙasa, alƙali yana ta buga murfin tukunya a ci gaba da wasa.

Amma daga nan wani abu ya fara dawowa. Na ga ya daina tsayuwa ƙiƙam, ya ɗan duƙa, yana rawa a kan yatsun ƙafa. Wata ƙwallo ta taho ƙasa-ƙasa ya tare ta da gwiwa. Wata ta taho sama ya doke ta da hannu biyu ta koma tsakiyar fili. Yana ta ba da umarni da wata murya da ban san yana da ita ba, ni da na saba jin sa yana magana kamar mai karanta sanarwa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, shugaban ya ce, "Baba, an gode, ka huta haka." Ya kurɓi ruwa ya watsa sauran a ka, ya ce, "Wa ya ce maka na gaji?"

Na duba agogon da ke hannuna. A takarda, a daidai wannan lokacin muna shan mai na uku, kilomita ɗari da hamsin daga nan. Na mayar da shi jaka.

Bayan hutu aka ƙara masa biyu, masu haƙa suka rama ɗaya. Saura kaɗan a tashi, kuku, wanda aka sa a baya don babu mai wuce tumbinsa, ya rungume ƙwallo da hannu biyu a gaban raga, ya ce ya manta ne. Alƙali ya buga murfi. Fenariti.

Direban katafila ya fito. Ƙato ne, wuyansa ya kai cinyar wani. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya har kusan tsakiyar fili, sannan ya ce, "Baba, don girman Allah ka matsa gefe. Ina da iyaye, ba na son alhaki."

Agogo ya tofa yawu a safar walda ya murza. "Buga, ɗana."

Na kama hannun Yaya. Na ce, "Yaya, ki hana shi."

Ta ce, "Rufe ido idan ba za ki iya ba. Ni shekara arba'in da biyar nake jiran wannan."

Ban rufe ba. Direban ya taho ƙasa tana girgiza, ya narka wa ƙwallon ƙafa, ta nufi kusurwar hagu can ƙasa. Sai na ga mijina, mai shekara sittin da uku, wanda ba ya sauka daga gado sai ya zauna ya ƙirga goma, ya tashi sama a kwance. Duk jikinsa ya bar ƙasa. Ya miƙa hannu, ƙwallon ta daki safar da ƙara kamar an mari buhu, ta kauce ta bayan duro. Shi kuma ya sauka a yashi, ƙura ta turnuƙe, takalmin kuku ɗaya ya yi nasa wuri.

Fili ya kaure. Masu haƙa suka rugo, masu gyaran hanya ma suka rugo, direban katafila ne a gaba yana riƙe da kai. Ni kaina ban san lokacin da na tashi ba, sai ganina na yi a tsakiyar fili, mayafina a hannu. An ci su biyar da ɗaya, amma wanda ya iso a lokacin zai rantse su suka ɗauki kofi.

Aka zo ɗaga shi a kafaɗa, ya ce, "Kada wanda ya taɓa ni." Yana kwance yana kallon sama, tabarau a karkace, yana murmushi. "Bayana ya riƙe."

A kan wani tsohon ƙyaure aka ɗauko shi, mutum huɗu, aka ajiye shi a inuwar kwantena. Ni tsohuwar ungozoma ce, na san targaɗe na san karaya. Na lalluba na ga ba abin da ya karye, jijiya ce ta ce ba da ita ba. Aka kawo man zafi na shiga murzawa, yana cije leɓe.

Na ce, "Me ya sa ka bari?"

Ya ce, "Babanmu ya rasu ina aji na ƙarshe. Aka samar min aiki a tasha. Ranar farko na makara da minti goma saboda na tsaya wasa, shugaban tasha ya ce in na sake, in koma gida in faɗa wa innarmu da bakina. Ban sake ba." Ya ɗan juyo da kai. "Kin ga yadda na tashi kuwa?"

"Na gani."

"Duka ƙafafun sun bar ƙasa?"

"Duka biyun."

"Ki ƙara murza wajen nan."

Tafiya dai ta fasu a ranar. Aka share mana kwantenar baƙi. Matsalar ita ce sanar da ɗanmu, domin waya ba ta kamawa a sansanin sai an hau saman tankin ruwa. Kuku ya karɓi wayata ya hau, muna jin sa daga ƙasa yana ɗaga murya. Matar ɗanmu ce ta ɗauka.

"Ba za su iso yau ba. Baba ne ya kama fenariti. Eh, fenariti. Yana kwance yanzu, amma da sauƙi."

Ya saurara, sannan ya leƙo ƙasa. "Hajiya, tana kuka. Ta ce wane asibiti aka kai shi, kuma ana ɗauka ne?"

Dariya ta sa Agogo ya yi ƙara don zafi, ya kuma ci gaba da dariyar. Sai da shugaban ya hau da kansa ya warware zancen.

Da safe aka rasa mai tuƙi, domin ƙafarsa ba ta iya taka kuloci. Na ce a ba ni makulli. Shekara tara na yi ina tuƙa motar asibitinmu zuwa ƙauyuka, amma tasa motar ko goge gilashinta ba ya bari in yi. Ya dube ni, ya dubi makullin, ya miƙo. Aka shimfiɗe shi a kujerar baya da matashi biyu, Yaya ta dawo gaba. Masu haƙa suka cika mana but da ruwan sanyi, direban katafila ya zo takanas daga sansaninsu ya durƙusa ya yi masa sallama, ya ce wata mai zuwa a ƙungiya ɗaya yake so su kasance.

Muka isa wajen azahar. Ɗanmu ya fito da gudu, ya buɗe ƙofar baya ya ga ubansa a miƙe, singileti duk jan ƙasa, yana ƙamshin man zafi.

"Baba, me ya kai ka?"

"Ɗauke ni tukuna, a hankali. Ta hagu za ka kama."

Ya sungume shi kamar buhu ya nufi cikin gida. Tun kafin su kai falo na ji Agogo ya fara ba da labari: wai direban ya kai girman ƙofar nan, wai ƙwallon har wuta take fitarwa. Yaya ta bi su a baya tana gyara masa, tana cewa bai kai ƙofa ba, amma ya kusa. Matar ɗanmu ta riƙe min jaka, idonta har yanzu a kumbure, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Mama, tsakani da Allah, ba a ɗauka ko?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta ɗora ruwan zafi, kuma ta nemo min tawul babba.